Kafin Ka Ƙara wa Motar Nan Ƙarfi

Auwalu, ɗana,

Ummanku ta kira ni ranta a jagule, wai ka yi odar wani ɗan akwati daga Amurka da za a jona wa motarka ta ƙara gudu, in yi wa Allah in hana ka. Na ce mata ba zan hana ka ba. Motarka ce, da guminka ka saya, kuma wanda ya ajiye iyali ya wuce a tsawata masa a kan abin hannunsa. Abin da zan iya shi ne in faɗa maka aikin da akwatin nan yake yi a cikin inji, da abin da manmu da zafin garin nan za su yi wa injin bayan an sa shi. In ka ji, sai ka zaɓa.

Ban ga laifinka ba da ka ƙyalla ido a kan motar nan. BMW 335i mai ƙofa biyu ta gani ta faɗa ce. Injinta, wanda kamfanin ya sa wa suna N54, ya fito a 2006: fulogi shida a jere, lita uku, ƙananan turbo biyu, ƙarfin doki 300 tun daga masana'anta. Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, wadda ta kai iyayenku Jos da Kano da Maiduguri da kaya maƙil a but, ba ta cika doki 100 ba. 'Yar'uwarta da aka shirya don tsere ce ta lashe gasar Safari ta Kenya a waccan shekarar, kuma juriyar duka ce ta ba ta. Mu da muka koyi riƙe sifana zamanin da Steyr ke haɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauchi, abin da aka fara cusa mana shi ne a san ƙasar da mota za ta zauna kafin a tambayi ƙarfinta. Taka kuwa a Jamus aka tsara ta, ta ci ƙuruciyarta a titunan Amurka, sannan ta hau jirgin ruwa ta zo ta same mu.

Inji ba ya son komai sai iska da mai da tartsatsin wuta, daidai gwargwado, a kan lokaci. Iyakar iskar da ka cusa masa, iyakar man da zai ƙona, iyakar ƙarfin da zai ba ka. Aikin turbo ke nan: hayaƙin da ke fita yana juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta da ke danna iska cikin inji. Mai sa ido a kan wannan ita ce ƙwaƙwalwar mota, wadda yaran gareji ke kira birenbos. Tana karɓar labari daga sensa-sensa a kan matsin iska da zafinta da yadda mai ya ƙone. Da matsin ya kai inda kamfani ya ƙayyade, a taka wajen 8 a ma'aunin da mai faci ke auna iskar taya, sai ta buɗe wata 'yar ƙofa hayaƙin ya bi ta gefe, turbo ta sassauta.

Akwatin da ka saya, ko JB4 ne na Burger Motorsports da ke Kaliforniya, ko RaceChip na Jamus, ko wani ɗan'uwansu, tsakanin sensa da ƙwaƙwalwa yake zama yana sauya labari. Matsi ya kai 8, ya ce mata bai kai ba. Ita kuma ba ta san ana yi mata ƙarya ba, sai ta ci gaba da rufe ƙofa har ainihin matsin ya kai 12 ko 13. Sensar salansa ta ga iska ta yi yawa, a ƙaro mai. Shi ke nan, doki hamsin ko sittin sun ƙaru ba a kwance ko noti ɗaya a cikin inji ba. Masu kyau a cikinsu sukan karanta halin da motar ke ciki, su ja baya in sun ga alamar wahala, amma asalin dabarar dai ita ce wannan.

Akwai masu goge abin da kamfani ya rubuta a ƙwaƙwalwar su rubuta sabo, ta soket ɗin nan mai baki 16 da ke ƙasan sitiyari, wanda doka ta wajabta wa motocin Amurka tun 1996. A hannun gwani aikin ya fi tsabta. A hannun ɗan koyo da fayil ɗin da ya kwaso a intanet, in batir ya yi sanyi ana tsakiyar rubutu, ƙwaƙwalwa na iya mutuwa murus. Akwai kuma 'yan ƙananan robobin nan masu arha da ake cewa ka cusa a soket kawai, mota ta ƙara ƙarfi ta rage shan mai. A 2017 wasu injiniyoyi a Faransa suka fasa ɗaya mai suna Nitro OBD2, suka tarar ko magana ba ya yi da motar, fitilu ne kawai ke ƙyaftawa. Abokanka masu Lexus IS350 ko tsohuwar C300 mai fulogi shida kuma, ka ce su riƙe kuɗinsu. Injin da ba shi da turbo, iskar da ya zuƙa da kansa ita ce rabonsa.

To in har injin zai iya ba da doki 360, me ya sa Jamusawa suka tsaya a 300? Mota ɗaya suke ƙerawa su aika Kanada mai ƙanƙara, su aika Dubai mai zafi, su sayar wa mai yin juye a kan lokaci, su sayar wa wanda sai fitila ta kama yake tunawa da baƙin mai. Dole su bar rara, yadda manomi mai hankali ke barin dammunan gero a ƙasan rumbu saboda shekarar da damina za ta yi gardama. Akwatin nan bai taho maka da ƙarfi daga Amurka ba, wannan rarar yake buɗe maka ka ci. Mai sabuwar mota a ƙasar sanyi, da man kirki a kowane lungu, zai iya cin rabinta ya kwana lafiya. Kai kuwa Bauchi ta riga ta fara cin taka tun ranar da motar ta sha manta na farko a garin nan.

A wurin mai ne yawancin samari ke faɗawa rami ba su sani ba. Fetur yana da ma'auni da ake kira oktan, mai nuna yadda zai jure matsi da zafi bai kama da kansa ba. So ake fulogi ya kunna wuta, ta bazu bi da bi ta tura fistan ƙasa. In man ba shi da juriya, sai wanda ke gefe ya fashe da kansa kafin wutar ta iso shi, ya daki kan fistan. A tsofaffin motoci da kunnenka kake jin wannan, wani ƙaras-ƙaras in ka taka totur a hawa da babbar giya. A taka ba za ka ji ba, don akwai sensa a jikin inji da ke riga ka ji. Sai ƙwaƙwalwa ta jinkirta wuta, ƙarfi ya ragu, hayaƙi ya ƙara zafi. Wannan ceton yana da iyaka. In an wuce ta, gefen fistan ne ke tsagewa, ringi ya karye, wata rana ka hango shuɗin hayaƙi a madubi, a ce maka sai an sauke inji.

Buɗe takardar akwatin, za ka ga ana maganar mai 91 da mai 93. Kai kuma ka ji an ce ƙa'idar fetur ɗin Najeriya 91 ce, sai ka ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama. Ina! Ma'aunin ba ɗaya ba ne. Mu da Turai da RON muke aunawa, Amurka kuwa gwaji biyu take haɗawa ta raba, sai lambarta ta fito ƙasa da tamu da huɗu ko biyar. 91 ɗinsu shi ne wajen 95 a wurinmu, 93 ɗinsu wajen 98. Namu 91 ɗin, da za a kai shi gidan mai a can, 87 za a rubuta masa, mafi arha a famfo, wanda ake zuba wa Corolla. Wato tun ba a sa komai ba, motarka tana shan man da bai kai wanda kamfani ya ba da shawara ba, ƙwaƙwalwarta kullum cikin lallaɓa shi take. Buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka liƙa a ciki, ka gani da idonka.

Wannan ma in an yi sa'a man ya cika ƙa'ida ke nan. Ba ka manta da Fabrairun 2022 ba, lokacin da NNPC da bakinta ta ce an shigo da fetur daga Antwerp ta Beljiyam mai metanol fiye da kima, motoci suka yi ta lalacewa a Legas da Abuja, layi ya dawo gidajen mai. Wancan dai an kama shi. Wanda ba a kamawa shi ne na galan a bakin hanya. Ranar da mai ya yanke maka bayan Nabordo ka tsaya wurin 'yan bumburutu, ba ka san abin da aka gauraya ba, su ma sau da yawa ba su sani ba. Mota a yadda kamfani ya bar ta takan haɗiye irin wannan, ta yi ɗan tari ta wuce. Wadda aka ɗaga wa matsi zuwa 13, taka totur ɗaya a hawa na iya isarta. 'Yan kwalaben ƙarin oktan da ake jerawa a shagunan baƙin mai kuma, ka karanta jikinsu da kyau: in an ce yana ƙara maki uku, galibi 0.3 ake nufi.

Sai zafi. Duk iskar da aka matsa zafi take yi, iska mai zafi kuma ita ke gayyato fashewar da na faɗa. Shi ya sa aka sa wani ƙaramin lagireto a ƙasan bamba, intakula, mai sanyaya ta kafin ta shiga inji. Amma da iskar waje yake aiki, iskar waje kuwa a Maris da Afrilu takan taɓa 40 da tsakar rana. Ka tsaya a cunkoson Wunti ko bakin kasuwar Muda Lawal minti goma da esi a kunne, ƙarfen nan ya ɗau zafi har hannu ba ya zama a kai, sannan hanya ta buɗe ka danna totur har ƙasa. A wannan daƙiƙar inji na shaƙar iska mafi zafi, a matsi mafi girma, da mai mafi rauni. Alƙaluman da masu talla ke nunawa ba a irin wannan rana aka auna su ba. Da hunturu kuma ga ƙura. Za su ce ka cire gidan matatar iska na kamfani ka sa buɗaɗɗiyar nan don a ji turbo na huci. Kada ka yarda. Farfelar turbo tana juyawa fiye da sau dubu ɗari a minti, ƙurar Disamba da Janairu tana cin bakinta sannu a hankali, buɗaɗɗiyar kuma zafin inji take zuƙa kai tsaye.

A nan sai na taɓa 'yan'uwana kanikawa, ba da raini ba, a cikinsu na tsufa. Muna da al'adun da muka gada daga zamanin kafireto. Mota ta zo daga waje, a cire tamostat wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka kai tsaye, a cika lagireto da ruwan rijiya, a zuba baƙin mai mai kauri 20W-50 wai shi ya dace da zafinmu. 504 ta yafe mana duk wannan. N54 ba ta san yafiya ba. Famfon ruwanta na lantarki ne, ƙwaƙwalwa ke sarrafa shi tare da tamostat ɗin. Turbo ɗinta da siririn mai suke rayuwa, irin 5W-30 ko 5W-40 na asali mai amincewar BMW, ba na jabu da aka ɗura a tsohuwar galan ba. Ka bincika ko an yi wa taka ɗaya daga cikin waɗannan kafin ta zo hannunka. Ka sa a leƙa indomin salansa ma, wato matatar hayaƙi, ko tana nan ko wani ya kwashe ta a hanya.

Ka tuna da shekarunta, ta haura goma da ƙerawa. Lambar maleji ba shaida ba ce, motoci da yawa daga gwanjon waɗanda suka yi haɗari a Amurka suke zuwa, a gyara su a Kwatano ko Legas. Ka ɗauki lambar shasi mai gurbi 17 ka nemi tarihinta a intanet. Sannan a jona ta a kwamfutar da ta san BMW, ba 'yar ƙaramar da ke goge fitila kawai ba. Injin nan yana da lagon da duniya ta sani. Famfon mai na babban matsi ya ba da wahala har kamfanin ya kira motoci wajen 130,000 a Amurka a 2010 domin gyara. Ga koyil da fulogi da injekta, ga famfon ruwa mai mutuwa ba sallama, ga bututun robar da ke kai iska inji wanda kan fashe in matsi ya ƙaru. Mai rauni a cikinsu zai iya lallaɓawa a doki 300 har a manta da shi, a 360 kuwa ba ya daɗewa bai tona kansa ba. Man giya ma, ko an ce maka na har abada ne, kamfanin ZF da ya ƙera giyar ya ce a riƙa canzawa. In kuɗin wannan gyara bai samu ba tukuna, ajiye akwatin a durowa, ba ya ruɓewa.

In duk wannan ya kammala ka ce lallai sai ka sa, to ga yadda nake so ranar ta kasance. Da safe, inji a sanyaye, a inuwa, ba inda yara goma ke taya aiki ba. Mai wayarin ɗaya, wanda ya yarda ya karanta takardar kafin ya taɓa waya. In ya ce shi ba ya buƙatar takarda, ka yi masa godiya ka tafi. A zare makulli a nisanta shi, a ba motar 'yan mintoci ta yi barci, sannan a cire kan batir na negatif. Batir ɗinta a but yake, a bar but ɗin a buɗe, don maɓallinsa da wuta yake aiki. Ƙwaƙwalwar tana cikin wani farin akwatin roba a bayan inji, ƙarƙashin gilashin gaba. Ka ɗauki hoton kowace soket da wayarka kafin a zare ta. 'Yan maƙallansu sun sha zafi shekara da shekaru sun bushe, da yatsa ake lallaɓarsu, sukudireba karya su yake. Kowace ta shiga sai an ji ƙas. Ba yanka, ba feɗe waya da haƙori a murɗa a naɗe da salatif. Akwatin kirki da nasa soket yake zuwa, domin ranar da ka so cirewa motar ta koma yadda take. A bi da waya nesa da turbo da bel, a ɗaure ta kada ta riƙa gogar ƙarfe. A rufe farin akwatin har robar bakinsa ta zauna daram, saboda ruwan Agusta da yaran wankin mota masu harba ruwa cikin inji.

Daga nan ban da zumuɗi. A tayar da ita a mataki na sifili, wato akwati na jone amma bai sa baki ba. Ta yi silo, a tabbata babu fitilar da ta kama, ka zaga gari 'yan kwanaki. Sannan ka hau mataki mafi ƙasa, kuma shawarata ka zauna a nan muddin man gidan mai kake sha. Akwatin yana iya turo rikodi zuwa waya: matsin iska, zafinta, matsin mai, da yadda ƙwaƙwalwa ke jinkirta wuta. Ka koyi karanta wannan fiye da yadda kake kallon allurar gudu, amma wani ya riƙe wayar, ba kai mai tuƙi ba. In ka ga tana yawan ja da baya, man ne bai isa ba, ka sauko. Kada ka matsa mata sai baƙin mai ya yi ɗumi, in ka dawo daga doguwar tafiya kuma ka ƙarasa a hankali kafin ka kashe. Juye da canjin fulogi, ka raba wa'adin kamfani biyu. Ka riƙe gidan mai ɗaya ko biyu da ka yarda da su. Ranar da dole ta sa ka sha na wani wuri, mayar da ita sifili har tankin ya ƙare.

Abin da ya hana Ummanku barci kuwa ba inji ba ne. Akwatin yana ƙara saurin tashi, bai ƙara ko taku ɗaya a saurin tsayawa ba. A gudun kilomita 100 kana cin mita 28 kowace daƙiƙa, mota mai lafiyayyen birki da taya a busasshiyar kwalta tana buƙatar wajen mita 40 ta tsaya. A 180, mita 50 kake ci a daƙiƙa, kusan rabin filin da Wikki Tourists ke buga ƙwallo, tun ƙafarka ba ta bar totur ba. Tazarar tsayawa kuma ta haura ninki uku, sama da mita 120. Don haka taya da birki ne farkon sayayya. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Akwai kuma harafi bayan lambar girma, H iyakarta 210, V 240, W 270, kuma wannan a lafiyayyar taya ne, ba 'yar Beljiyam da ta sha rana a bakin titi aka yi mata faci biyu ba. Araha ba ta ado. Man birki yana shan danshi, in ya tsufa sai ya tafasa a gangara feda ta nutse. Duk shekara biyu a zubar a sa sabo. Motar nan da ƙafafun baya take turawa, ƙarfin turbo kuma tare yake zuwa. Maɓallin nan mai kashe na'urar hana santsi, ka ɗauka babu shi.

Sannan ka tambayi kanka, tsakaninka da Allah, a ina za ka mori dokin nan sittin? Dokar hanya ta ba ƙaramar mota 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a ekspres. Motarka a yadda take tana kai 100 cikin daƙiƙa biyar da rabi. Titin Yandoka da Ahmadu Bello Way da titin Ran cike suke da Keke Napep da masu babur da 'yan makaranta. Na san hanyar Jos ce ke jan hankalinku. Kilomita wajen 130 ne da kake rabawa da tirela da tanka, ta ratsa Zaranda da Nabordo da Magama Gumau da Tilden Fulani, kowanne da masu talla da masu tsallakawa, ga shanu, ga kwanonin Panshanu. Kuma hawa ce, daga wajen mita 600 sama da teku a nan zuwa sama da 1,200 a Jos. Iska na ƙara sirancewa, turbo na ƙara shan wahala don ta cika matsin da akwati ya nema. In ƙwaƙwalwa ta ga abin da bai yi mata ba, nan take take yanke ƙarfi don ta ceci inji, ba ruwanta da ko kana tsakiyar wuce tirela ga wata na tahowa.

A Jamus akwai sassan Autobahn da ba a ƙayyade gudu ba, amma hanya ce da babu mai ƙafa, babu keke, babu mai tahowa ta gabanka. Duk da haka Bajamushe bai isa ya liƙa irin akwatin nan ya hau titi haka kawai ba. Sai yana da takardar amincewa, ya sanar da kamfanin inshora, in ba haka ba izinin motar na hawa titi ya faɗi. Mu nan ba mai tambayarka, kai ne mai binciken kanka. In sha'awar tsere ce ta kama ka da gaske, ba abin kunya ba ce, wasa ne da wasu ke cin abinci da shi. Akwai filin da aka gina domin haka a Evbuobanosa ta jihar Edo, da hular kwano da ƙa'ida. Abin da ba na so in ji shi ne sunanka cikin masu juyi da mota a shataletale ranar ɗaurin aure ko bayan hawan Daushe, jama'a tsaye a gefe babu shinge. In taya ta fashe, ɗan wani da bai ci ba bai sha ba ne zai kwana a asibitin koyarwa.

Shan mai ba sai na tsawaita ba, tun da aka cire tallafi a Mayun 2023 kowa ya san kuɗin lita. In kana tafiya a hankali ba za ka ga wani bambanci ba, in kana taka ta kuwa ƙarin iska ƙarin mai ne.

Saura maganar amana. In ƙanenka ko abokinka ya zo aron mota, mayar da ita sifili kafin ka miƙa makulli, ka kuma gaya masa abin da ke ciki. Kai ka saba da lokacin da ƙarfin ke zuwa, shi bai saba ba. Sai ranar sayarwa. Na san abin da ake yi: a zare akwati da daddare, a goge fitilu, a wanke inji, a kai wa dillali a ce ba a taɓa ta ba. Injin da ya yi shekaru a matsi 13 ba ɗaya yake da wanda bai yi ba, kuma mai saye yana da haƙƙin ya sani kafin ya yi tayi. Addini bai yarda a ɓoye aibin kaya ba, ka fi ni sani. Tun daga yau ka riƙa tara rasit na kowane juye da kowane fulogi a ambulan ɗaya, a aljihun mota. In ranar ta zo, ka miƙa wa mai saye ambulan ɗin, ka gaya masa matakin da ka riƙa tafiya a kai da gidan man da ka riƙa sha. In ya rage maka wani abu a farashi saboda haka, ka karɓa.